Tsutsa mai goyon 'ya'yan da ba nata ba: muhawara a zauren manoman fadamar Sakkwato

Bello Kwalkwalawa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku duba hotonga ku gaya min mi na na. Da sahe nit tahi ban ruwa, ina ɗaga ganyen kabeji sai nig ga wagga tsutsa kwance, ga wasu abubuwa hwarhwaru manne da jikinta awa tsabar shinkahwa. Na ƙidaya ashirin da ukku. Ba ta mutu ba, in ka taɓa ta tana motsi, amma ta bar cin ganye. Tsorona kar ya zan ƙwai na tay yi, su ƙyanƙyashe su cinye min gona. Na riga na sawo magani, da marece ni ka son in hesa.

Ladan: Wa alaikumus salam. Hesa kawai Baba Bello, kar ka tsaya. Kabeji ba shi jiran shawara.

Nasiru ɗalibi: Kawu Bello, don Allah a dakata da feshin nan ko na yau kaɗai. Tsutsa ba ta yin ƙwai. Ita kanta jaririya ce, sai ta rikiɗa ta zama faɗa-wuta ko malam-buɗe-littafi sannan take haihuwa. Waɗannan fararen abubuwa gidajen zare ne, irin yadda tsutsar tsamiya take saƙa nata, kuma waɗanda suka saƙa su ba 'ya'yanta ba ne. 'Ya'yan wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne dangin zanzaro da rina, wanda bai wuce milimita 3 ba. A cikin cikinta suka girma, suka huda fatarta suka fito. Tsutsar nan ta gama yi maka ɓarna har abada.

Bello Kwalkwalawa: Cikin cikinta? Ɗana, yi min bayani yadda zan gane. Ta ina sunka shiga?

Nasiru ɗalibi: To Kawu. Mu a ajin nazarin ƙwari a jami'ar Ɗanfodiyo muna kiran wannan dangi Cotesia. Macen tana da wani siririn tsinke a bayanta, da shi take saka ƙwai. Asalin abin harbin rina da zuma ma shi ne wannan tsinken, shi ya sa mata ne kawai suke harbi. Tana samun tsutsa tun tana ƙarama, ta hau ta, ta soka tsinken, ta zuba ƙwai a ciki cikin ƙiftawar ido, ta tashi. Tsutsar ta ci gaba da cin ganyenta kamar ba abin da ya faru.

Amma jikin tsutsa ba ya zama haka kawai a shige shi. Akwai ƙwayoyi a jininta da aikinsu ke nan, duk baƙon abin da ya shigo sai su taru su lulluɓe shi har ya shaƙe ya mutu. To uwar ba ƙwai kaɗai take zubawa ba. Tana haɗawa da dafi, da wani bairos, wato wata ƙwayar cuta, da ake haifar ta da shi, wanda yake yaɗuwa a cikin mahaifarta. Wannan bairos shi yake kashe wa masu gadin nan ƙarfi. An gwada a ɗakin bincike, in aka wanke ƙwan aka raba shi da bairos ɗin sannan aka sa a cikin tsutsa, jikin tsutsar yakan kashe shi.

Bayan kwana biyu zuwa uku ƙwan ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suna iyo a cikin ruwan jikinta, suna shan sa, suna cin kitse. Ba sa taɓa gaɓoɓin da ranta ya dogara da su, domin in ta mutu da wuri su ma sun mutu. Wani abin kuma, duk zaman da suke yi a ciki ba sa yin kashi. Hanjinsu a toshe yake ta ƙasa, sai sun fito sun shiga gidan zare sannan suke zubar da shi gaba ɗaya. Da suna yi a ciki da sun ɓata abincinsu. Wajen mako biyu sai su huda fata su fito kusan lokaci guda, kowanne ya saƙa gidansa. Abin da ka gani ke nan da safe.

Inno: La ilaha illallahu. Wanga zance ya tuna min da kakata, Allah shi jiƙan ta. Cewa ta ka yi zanzaro ba shi haihuwa, tsutsa shi ka ɗaukowa shi sa ɗaki shi liƙe, shi yi ta yi mata kuka hat ta koma zanzaro. Ashe da gaskiyatta?

Nasiru ɗalibi: Inno, abin da idonta ya gani daidai ne. Tsutsa ta shiga, zanzaro ya fito. Abin da ba a gani shi ne ɗan ƙwan. In kika fasa gidan zanzaro sabo a hankali, irin mai kama da ƙaramin tulu, za ki iske tsutsotsi a jere ba su mutu ba, an harbe su sun sandare. Ki duba sama, akwai ƙwai guda ɗaya rataye da zare siriri. Shi ne ɗan. Wani irin zanzaron kuma gizo-gizo yake tarawa maimakon tsutsa. Bambancinsa da na gonar Kawu Bello shi ne zanzaron ɗaki yana ɗauke abincin ya kai gida, wannan kuwa bai gina komai ba, jikin tsutsar ne gidan.

Hajiya Luba: Ni dai wallahi tausayin tsutsar ya kama ni. A ci ka da ranka har mako biyu.

Nasiru ɗalibi: Ba ke kaɗai ba ce Hajiya. Masanin halittu Charles Darwin ma, a wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Asa Gray a 1860, ya ambaci irin waɗannan ƙwari a cikin abubuwan da suka dame shi ƙwarai game da halitta.

Malam Attahiru: Tausayi abu ne mai kyau Hajiya, kuma ba a hana shi. Sai dai ni abin da na hango daban ne. Ƙwaron da bai kai ƙwayar gero biyu ba, an ba shi tsinke, an ba shi dafi, an sanar da ɗansa abin da zai ci da abin da zai bari. Wa ya koya masa? A Suratul Baƙara aya ta 26 Allah ya buga misali da sauro, don kada mu raina ƙaramar halitta. Kuma da babu mai cin tsutsa, da tsutsa ta cinye abincin mutane. Nasiru ci gaba, muna ƙaruwa.

Ladan: Malam a gahwarce ni, amma ni ban ga inda zancenga ya amhwani mai gona ba. Nasiru da bakinai yac ce tsutsar tana ci gaba da cin ganye mako biyu. To ina ribar? Ta ci ta ƙoshi sannan ta mutu. Magani ko yau ka hesa gobe ta hwaɗi.

Nasiru ɗalibi: Wannan tambaya ce ta gaskiya Ladan, kuma ba zan ce ba ta ci ba. Ta ci. Ribar tana gaba. Wannan tsutsa ba za ta zama uwa ba, ɗaruruwan ƙwan da za ta yi sun tafi. Sannan gidajen nan ashirin da uku, matan da za su fito daga ciki kowacce za ta bi tsutsotsi da yawa. Magani kuwa yana kashe su fiye da yadda yake kashe tsutsa, don su suna yawo a fili a kan ganye, ita tana ɓoye a cikin zuciyar kabeji. Ka kashe mai gadi ka bar ɓarawo. Kuma akwai ƙaramar tsutsar kabeji, wadda in ka taɓa ta take zillo ta rataya da zare, ta yi suna a duniya wajen sabawa da magani.

Bello Kwalkwalawa: Nan kam ka taɓo min inda ka min ƙaiƙayi. Bara duk mako ni ka heshi. Da hwarko suna mutuwa. Daga baya sai in hesa da marece, da sahe in iske su suna ci. Nik koma wurin mai maganin, yac ce in ninka awo. Nin ninka. Yac ce in gama iri biyu. Nig gama. Ganye yaƙ ƙone ta baki-baki, hannuna yay yi kwana ukku shina zahi, tsutsa tana nan. Kuɗin magani sun kusa cinye ribar kabejin dut. Abin da ya hi ci min rai, ko sau guda bai ce min in duba ƙarƙashin ganye ba.

Magaji Illela: Salamu alaikum. Yanzu nib buɗe waya nig ga muhawara. Abin da Nasiru ka hwaɗi ni na gani da idona ƙetaren iyaka, garin surukaina wajen Maraɗi. Kun san murzuna, tsutsar da ka bin zangarniyar hatsi tana yanka ta a murɗe, ka ɗauki zangarniya ka iske rabi ba tsaba. To can ma'aikatan gona suna kawo wasu 'yan jikkuna na algarara, ba su hi tahin hannu ba. A rataya ga icce ko ga rumbu, gabas da yamma, kudu da arewa, lokacin da hatsi ya hwara hidda kai. Nit tambaya mi a ciki, anka ce hatsi na da tsutsa da ƙwari mata biyu. Ni da na ɗauka wani magani na. Surukina ya ɓare min zangarniya ya nuna min murzuna ta bushe ta yi baƙi, ga 'yan gidajen zare kusa da ita.

Nasiru ɗalibi: Alhamdu lillahi, Baba Magaji ya kawo shaida daga gona. Wannan aikin cibiyar binciken noma ta Nijar ce, INRAN, reshenta na Maraɗi, kuma ana yin irinsa a Burkina Faso da Mali. Sunan ƙwaron Habrobracon hebetor. A kowace jaka ana sa gero da garinsa, da tsutsa 25 ta wani faɗa-wuta mai cin hatsin ajiya, da mata 2 da suka riga suka sadu da namiji. Ƙauye guda ana ba shi jaka 15. Bayan kamar kwana takwas 'ya'yan su fara fitowa ta ramukan algararar su bazu gonaki.

Ladan, wannan zai fi yi maka daɗi, don hanyarsa daban ce. Shi ba ya barin tsutsa ta ci gaba da ci. Uwar tana harbin ta da dafin da yake sandarar da ita nan take, ba ta ƙara motsi ba. Sannan ta saka ƙwai a kan fatarta, ba a ciki ba. 'Ya'yan su kafa baki su tsotse ta daga waje cikin 'yan kwanaki. Tunda ba su shiga ciki ba, ba ruwansu da masu gadin jini, ba su buƙatar bairos. Shi ya sa wannan irin yake iya rayuwa a kan tsutsotsi iri-iri, har ana kiwon sa a kan wata tsutsa a sake shi a kan wata. Masu shiga ciki kuwa yawanci kowanne da tasa tsutsar, don makullin da ya buɗe wannan ƙofa ba ya buɗe waccan.

Ladan: To wanga na yarda da shi. Wanda ka tsai da ɓarna nan take.

Alhaji Maccido mai wake: Ni ɗan kasuwa na, ba manomi ba, amma bari in sa baki. Shekara talatin ina aje wake. In buhu ya hwara ƙwari, ban da ƙwaron wake da kowa ya sani, akwai wasu ƙanana baƙaƙe masu ɗan ƙyalli da ka tashi in ka buɗe baki. Yarana suna ce musu ɗiyan ƙwaron wake. Nasiru, su ma naku na?

Nasiru ɗalibi: Su ne Alhaji, kuma ba 'ya'yan ƙwaron wake ba ne, maƙiyansa ne. Wanda aka fi sani a ƙasashenmu shi ne Dinarmus basalis. Ƙwaron wake yana manna ƙwansa a bayan ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shige ta zauna a ciki tana ci. Macen Dinarmus tana tafiya a kan waken tana taɓa shi da 'yan gashin kanta har ta gano inda tsutsa take, ta huda waken da tsinkenta, ta sandarar da ita, ta ajiye ƙwai a jikinta. Ka duba waken da ya lalace, za ka ga rami iri biyu. Babba mai zagaye na ƙwaron wake ne, ƙarami na wannan ne.

Wani abin mamaki a nan, uwar ce take zaɓen ko mace za ta haifa ko namiji. Tana ajiye maniyyin namiji a jikinta. Ƙwan da ta haɗa da shi ya zama mace, wanda ba ta haɗa ba ya zama namiji. In ta samu tsutsa mai ƙiba ta fi sa mace, don mace tana buƙatar jiki babba ta ɗauki ƙwai. In ramammiya ce ta sa namiji. Akwai kuma wani mafi ƙanƙanta, Uscana, wanda yake shiga cikin ƙwan ƙwaron waken kansa tun kafin ya ƙyanƙyashe.

Alhaji Maccido mai wake: Ilimi kogi. Amma in gaya maka gaskiya ɗana, waɗanga abokai naka ba su taɓa cece min buhu ko guda ba. Ranar da nig gan su, wake ya riga ya zama gari. Ni buhun nan mai leda biyu ciki, PICS, shi yaf fisshe ni. In ɗaure baki tam, wata shidda in buɗe wake awa yau anka sussuka.

Nasiru ɗalibi: Gaskiyarka Alhaji, ban musa ba. A rumbu da sito ƙwaron wake ya fi su saurin yawaita, suna rage shi ne ba su gama da shi. Buhun PICS yana hana iska shiga, duk abin da ke ciki ya mutu, mai ɓarna da mai cin sa. Ga ɗan kasuwa wannan ya fi. Maganata a kan gona ce, inda ba ka iya ɗaure wa kabeji baki.

Malama Hadiza: Ina koyar da kimiyyar noma a sakandare, bari in ƙara abu biyu da nake gaya wa ɗalibaina. Na farko rogo. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka ya dinga kashe rogo ƙasa bayan ƙasa. Aka je aka samo ɗan zanzaron da yake cin sa a Paraguay, cibiyar binciken noma ta IITA ta fara sakin sa a Ibadan a 1981. Ƙwai ɗaya yake sakawa a cikin ƙwaron, ɗan ya cinye shi daga ciki ya bar ɓawo. Shi ya kwantar da annobar, kuma Hans Herren da ya jagoranci aikin ya samu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. Na biyu tsutsar masara da aka fara gani a Najeriya a 2016. Tana saka ƙwai a dunƙule a kan ganye, ta rufe da wani gashi-gashi. Akwai Telenomus remus, ɗan mitsitsi wajen rabin milimita, da yake girma tun daga ƙwai har ya yi fiffike a cikin ƙwai guda na tsutsar, cikin kamar kwana goma. A nan ba a ma haifi tsutsar ba balle ta ci.

Hajiya Luba: Malama, ni 'yar gonar bayan gida gare ni, wake da yakuwa da kuɓewa. Darɓa ce take damuna. Jiya bayan na karanta maganar Nasiru na je na juya ganyen wake. Cikin darɓar akwai wasu da suka kumbura suka bushe, launin ƙasa-ƙasa, ba sa motsi. Ɗaya har da 'yar ƙofa a bayanta, zagayayya, da murfinta a rataye kamar an yanka da reza.

Malama Hadiza: Kin gan su ke nan Hajiya. Kowace kumburarriya akwai ɗan irin wannan ƙaramin zanzaron guda a ciki. Da ya cinye ta sai ya manne ɓawon a jikin ganye ya yi kwanciyarsa a ciki, in ya isa ya yanka ƙofar nan ya fita. Kada ki tsinke ganyen da suke kai. In darɓa ta yi yawa ki wanke da ruwan sabulu ko na dogon yaro a inda ta taru kawai. Kuma ki bar wasu tsirrai su yi fure a gefe, don su iyayen zanzaron, ruwan fure suke sha, 'ya'yan ne masu cin nama.

Ladan: To ni har yanzu ina nan kan bakana wuri guda. In tsutsa ta yi yawa awa bara, ba mai hana ni heshi. Bashi nic ci nis sa kabeji.

Nasiru ɗalibi: Ba wanda zai ce ka zuba ido jarinka ya ƙone, Ladan. Roƙona a duba kafin a fesa, kada ranar mako ta zama ita ce dalili. Ka ɗaga ganye ashirin a wurare daban-daban. In ka ga gidajen zare da kumburarriyar darɓa, ka san akwai masu yi maka aiki. In dole ce, ka fesa inda abin ya yi tsanani, da yamma, ka bar wani gefe. Kawu Bello, ga gwaji. Ka yanko ganyen da tsutsar, ka sa a kwalba mai tsabta, ka rufe bakin da ƙyalle ka ɗaure da roba, ka ajiye a inuwa inda tururuwa ba ta kai.

Bello Kwalkwalawa: Na yi. Maganin na aje shi tukuna.

*Bayan kwana shidda*

Bello Kwalkwalawa: Jama'a ku zo ku gani. Bayan sallar asuba nid duba kwalba, ga su nan suna yawo jikin gilashi. Baƙaƙe, ƙanana, ba su kai sauro ba, da hukahukai masu haske da gashin kai dogaye suna ta kaɗawa. Kowane gidan zare an cire mai kai awa hular kwano. Na ƙidaya goma sha tara, huɗu ba su buɗe ba. Tsutsar ta mutu tun shekaranjiya, ta yamushe. Guda ya hau min yatsa bai harbe ni ba.

Inno: Allahu akbar. Bello ka turo hoton in nuna ma jikokina.

Nasiru ɗalibi: Ba sa harbin mutum Kawu. Ka kai kwalbar tsakiyar kabeji tun rana ba ta yi zafi ba, ka cire ƙyallen ka bar su su fita da kansu. Huɗun da suka rage kada ka zubar. Ka mayar da ƙyallen ka ƙara musu mako guda. Wani lokaci abin da yake fitowa a makare wani ƙwaron ne daban, wanda shi kuma ya saka ƙwansa a cikin ɗan zanzaron. In ka ga mai wata kama dabam ina so in gan shi.

Bello Kwalkwalawa: Har su ma da mai cin su? To. Na sake su, sun tashi sun bi kunya ta gabas. Huɗun suna nan cikin kwalba.

Ladan: Baba Bello, gobe in na gama ban ruwa ina biyowa ta gonarka. Ka nuna min yadda gidan zaren nan yake a ido, hoto bai ishe ni ba.

Magaji Illela: Nasiru, in damana ta kama hatsi ya hidda kai, zan yanko zangarniya goma daga gonata ta Illela in kawo maka Sakkwato. Ka duba min ko namu na da su ko sai an kawo daga Maraɗi.

Nasiru ɗalibi: Ka kawo Baba Magaji. A sa kowace zangarniya a takarda daban, kada a sa a leda, zafi zai dafa su kafin ka iso Gwadabawa.